Hannun da Ya Kashe Wutar Gishiri

Tun da tsadar rayuwa ta sake fitar da mutane kan titi, samari da 'yan mata ke ta zuwa gidan nan suna cinye mini tabarma da zama, wai in ba su labarin matan Foga da suka tsaya wa hukuma. Wata ma ta dube ni ta ce mini jaruma. Na yi dariya har sai da tari ya sarƙe ni. Ku 'ya'yana da jikokina kun ji labarin nan daga bakuna da yawa, kowa da yadda yake gyara shi, shi ya sa na ga gara in rubuta shi da hannuna, tunda Allah ya sa na koyi boko da furfurata a ajin manya. Ban yi jarumtar kome ba. Tsoro na ji a shekarar nan, irin wanda ke sa mutum jin fitsari alhali bai sha ruwa ba, kuma labarinsa zan ba ku.

Lokacin ban daɗe a gidan babanku ba, ina goyon yayanku, ɗan farina, ya fara rarrafe ke nan. Kun san al'adarmu game da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Ni na riƙe wannan kunya da ƙarfi don a ce ina da tarbiyya. Abin da ke cikin raina game da yaron nan kuwa, ni da Allah kaɗai muka sani.

Sana'ar gidanmu gishiri ce. Da an gama kaka sai mu bar gari mu sauka kwarin Foga, mu kafa bukkoki kusa da tuddan ƙasar da iyaye suka tara, mu zauna har ruwa ya faɗi. Mata ke kankaro ƙasa mai gishiri, mu zuba a kwando, mu kwarara ruwa ya tsiyaye cikin tukunya, sannan mu dafa ruwan har ya ƙafe ya bar gishiri. A dunƙula shi kantu-kantu, a naɗe da kaba. Maza ke saro itace, su kuma ke kora jakai zuwa kasuwar Gaya, wasu su ƙetara iyaka zuwa Kamba inda ya fi daraja. Aiki ne mai cin ido da tafin hannu, amma shi ke tufatar da mu, shi ke cike gibin hatsi in damina ta yi gardama. Wutar dafuwar kuwa tana da dokarta. A farkon rani mace ɗaya ce ke ƙyasta ta, ita ake kira uwar wuta, kowane murhu daga nata yake ɗibar garwashi, kuma wutar nan ba ta mutuwa sai damina. Abu ɗaya ke sa a kashe ta, shi ne in an yi rasuwa a zangon. In kuwa an kashe, hannun da ya zuba mata ruwa shi kaɗai ke sake hura ta. Uwar wuta a zamanin nan ita ce surukata, uwar babanku, wadda kowa ke kira Inna, tsohuwa 'yar ƙarama mai kaifin harshe.

Bature ya tafi, an sauya tuta, mun yi guɗa tare da kowa. Kumandan da ke mulkin Gaya ya zama baƙar fata irinmu, sunan dai bai sauya ba. Ba a yi wasu shekaru ba sai ga wani ɗan farti, wato ɗan jam'iyyar gwamnati, ya iso zangonmu bisa doki, da maroƙi a gabansa. Ya ce ƙasa jaririya ce, baitulmali ba kome, don haka kowa ya ɗaure cikinsa. Lanho, wato harajin kai, ya hau. Kowane murhun gishiri zai biya kuɗinsa daban. Itacen da muke sara na gwamnati ne, gardin daji, mai tsaron itatuwa, zai ci tarar wanda ya kama. Ƙetara gishiri Kamba ya zama laifi, mutum ɗaya aka yarda ya saya, a farashin da ya ga dama. Mutumin nan mun san shi sarai, muna ce masa Mai Ma'auni, kuma uwarsa a kwarin nan ta tsufa tana dafa gishiri. Da ɗan fartin ya juya dokinsa, Inna ta bi shi da kallo.

"Cikin wa za a ɗamre?" in ji ta. "Shi wanga da ya kawo saƙon, nashi cikin ko igiyar guga ba ta zagaye shi."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, kowa na waiwaye. Dole a waiwaya. Shekarar nan ana ta raɗe-raɗin wasu mutane da ke ƙetaro iyaka da bindigogi don su kifar da gwamnati, mu kuwa iyaka biyu ke kewaye da mu. Duk wanda ya buɗe baki ya ce abu ya yi tsada, sai a ce nasu ne. An ɗauke wani tela a Gaya daga kan kekensa, an ɗauke wani mushen lakkol, wato malamin makaranta, a gaban ɗalibansa. Kamyo, wato babbar motar hukuma, ke zuwa, ya yi arewa da mutum, shi ke nan. Ana cewa can cikin hamada ake kai su, inda ake auna wa mutum ruwan sha da ludayi. A daidai wannan lokaci mazanmu ke dawowa daga Gaya suna ba da labarin gidajen siminti da ke tashi, da motar da dipite, ɗan majalisarmu, ya saya, da matan manya da ke aika yara ƙetaren gadar iyaka sayen atamfa. Mu kuma rabin rani ya wuce, gishiri na fita, amma abin da ke dawowa bai isa sayen dawa ba.

Wata rana da azahar manyan mata suka taru a inuwar gawo. Mu ƙanana muna gefe, ba a tambaye mu ba. Wata mai suna Gwamma, doguwa mai faɗar gaskiya ko ta ɗaci, ta ce a kashe wuta, a ga ko Mai Ma'auni zai auna iska. Wata ta ce ai ba a kashe wuta sai an yi mutuwa.

"An yi mutuwa mana," in ji Inna. "Sana'ar uwayenmu ta mutu, mu ne ba mu yi mata makoki ba."

Washegari da hantsi duk zango ya kewaye murhun Inna. Ni na ɗebo ruwan, na dire mata tulun a gabanta, na koma gefe da yayanku a bayana. Inna na fama da sanyin ƙashi a wuyan hannu, ta daɗe ba ta ɗaga abu mai nauyi ba, amma girman kai bai bar ta ta faɗa ba. Ta sunkuya ta cicciɓi tulun, ya taso har gwiwarta, sai na ga yana sulɓewa zai faɗo mata a ƙafa. Ban yi tunanin kome ba. Abin da kowace matar ɗa za ta yi shi na yi: na zabura na tallafe shi. Hannunta ya saki, nauyin ya dawo kaina, bakin tulun ya karkata, ruwan ya tafi gaba ɗaya cikin wutar. Tururi da toka suka tashi suka rufe mu. Da suka lafa sai na ga ni ce riƙe da tulun, Inna na tsaye hannu sake, mata na kallona.

"Wa ya aike ki?" Inna ta ce da ni a hankali. "Ɗiyar nan, wa ya aike ki?"

Sai a lokacin na gane abin da na yi. 

Ranar kasuwar Gaya muka yi sammako da ƙafa, muka je rumfunan gishiri, kowace ta shimfiɗa kabar naɗi ba kome a kai, muka zauna kamar masu zaman makoki. Ba waƙa, ba ihu. Fulani suka zo neman gishirin shanu suka tsaya cirko-cirko. Masu ƙyafe kifi daga bakin kogi suka zo, suka ji dalili, wasunsu suka kife kwandunansu suka zauna tare da mu, don su ma an ɗora musu nasu. Kafin rana ta take, masu daddawa da masu man gyaɗa sun shigo layi. Sauran mata na jin daɗi, ni kuwa duk wadda ta ƙaru sai tsorona ya ƙaru, don na san yawan nan ba zai tafi a banza ba. Gardawa, 'yan sandan kumandan, suka zo suka zagaya mu da bindigogi a kafaɗa, ba su taɓa kowa ba. Kumandan bai fito ba. Da la'asar muka kama hanyar gida, Gwamma har tana cewa mun ba su tsoro.

Kwana kaɗan sai ga kamyo ya gangaro kwari. Suka bi murhu-murhu, kowanne suka ɗauki namiji ɗaya. A namu babanku suka ɗauka, da gatarinsa a hannu ya dawo daga itace. Mai Ma'auni na tsaye jikin kamyon yana kallon ƙasa. Babban gardin, wani mai tsage a kumatu, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma dab da murhun Inna, ya zauna ya miƙe ƙafa.

"Ba mu tambayar kowa kome," ya ce. "Ba mu bugun kowa. Ku hura wutarku kamar yadda kunka saba. Ran da hayaƙi ya tashi ga murhunku duka, mazanku su komo gida. Mu dai muna nan zamne, muna kallo."

Ba wadda ba ta gane ba. Mai Ma'auni ya sayar musu da dokar wutarmu. Ba su bukatar a tona musu sunan wadda ta kashe, da ƙafarta za ta zo gabansu ta durƙusa.

Bazara ce, irin zafin da ke sa jaki ya ƙi tafiya. A filin biro, wato ofishin kumandan a Gaya, aka zaunar da mazanmu cikin rana, daga hantsi har la'asar, ba hula, ba inuwa. Masu kai musu fura suka riƙa dawowa da labari. Yau an ce leɓunansu sun tsage. Gobe an ce tsoho wane ya faɗi an yayyafa masa ruwa. Na tambayi wata labarin babanku, ta ce yana nan, sai dai ya daina magana. A zango kuwa ba wadda ta ce da ni uffan, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo. In na je rijiya sai hira ta mutu. In na wuce sai in ji idanu a bayana. Matan nan ba miyagu ba ne, kowace da nata mijin ko ɗanta a rana. Abinci ya ƙi shiga cikina. In na ji ƙarar ƙarfe, ko da ta galma ce, sai in ɗauka ƙofar kamyo ce. Nakan zauna cikin bukka in sa yaron a cinya in yi ta kallonsa, tunda a nan ba mai ganina, ina lissafin wa zai ba shi nono, wa zai san cewa ba ya barci sai an shafa masa bayan kunne.

Inna ta shigo ta same ni a haka. Ban ko yi yunƙurin sauke shi ba.

"Tashi ki ɗauki ɗanki ki tahi Kamba," ta ce. "Kina da dangin uwa can. Kahin rana ta hwaɗi kin ƙetare."

"In na tahi, Inna, wa za ya hura?"

"Ni. Ni ce uwar wuta. Wa za su ce in ba ni ba?"

Ban tafi ba. Ba don ƙarfin zuciya ba, ƙafafuna ne suka ƙi. Ina tsoron kamyo, ina kuma tsoron a ce babanku ya mutu a rana ina Kamba ina shan fura. Da safe Inna ta ɗauki ƙyastunta ta fita, ta durƙusa gaban gardawa, ta ƙyasta, wuta ta kama. Ta miƙe ta kira mata su zo su ɗebi garwashi. Ba wadda ta motsa. Ta sake kira, ta kama sunayensu ɗaya-ɗaya, har da zagi. Suna tsaye da kaskonsu a hannu, kai a sunkuye. Dalili kuwa, a zamanin kakanni an taɓa yin haka, wani hannu dabam ya hura, a ranin nan yaro ya faɗa tukunyar gishiri tana tafasa. Kowace yarinya a kwarin da wannan labari aka yaye ta. Yanzu malamai na cewa camfi ne, kuma mai yiwuwa gaskiyarsu. Amma duk matan nan suna da masu rarrafe a gindin murhu.

"Inna, ki yi muna gahwara," in ji Gwamma. "Mijina na cikin rana, kin sani. Amma ba ni kai wutar ga inda ɗiyana su ke."

Babban gardin ya yi murmushi, ya sa ƙafa ya turo ƙasa kan wutar.

"Tsohuwa, koma ki zamna. An gaya muna za ki gwada hakan ga."

Na yi shekaru ina jin haushin matan nan. Daga baya na tambayi kaina ko ni da na ɗiba, in da wata ce a matsayina, sai na daina.

A ranar aka kawo labarin cewa ɗaya daga cikin tsofaffin ba ya gane mutane. Washegari na tashi na yi wanka, na ɗaura zanen da ya fi ƙwari. Na ba yaron nono, wannan ya ƙare na juya shi wancan, har ya ƙoshi ya saki da kansa, barci ya kwashe shi. Na ɗauke shi na nufi bukkar Hajo. Hajo ƙawata ce, Badendiya daga bakin kogi da aure ya kawo ta cikinmu, murhunta na jikin namu, tana shayar da 'yarta da ta girmi nawa da kaɗan. Na miƙa mata shi. Ta ƙi karɓa.

"Tahi da abinki," ta ce. "Ba su raba mace da goyonta. Ko Annasara bai yi haka ba."

"Kin san inda kamyon ga ka zuwa?"

Ta dubi yaron, na ci gaba.

"In can ne inda a ka auna ruwa da ludayi, nonona ƙahewa za ya yi, in dube shi shina mutuwa ga hannuna. Karɓe shi, Hajo. Ki shahwa mishi bayan kunne in za ya kwana."

Ta karɓa tana kuka. Inna na tsaye bakin bukkar, da wasu manyan mata. Saboda su ban sumbace shi ba, ban ko sake dubansa ba. Na juya kamar wadda ta ajiye ƙwarya. Har yau in na tuna wannan kunyar sai in ji haushin kaina da na wanda ya ƙirƙiro ta.

Na karɓi ƙyastu a hannun Inna na je na durƙusa. Gardawan suka gyara zama. Ƙarfen ya riƙa kuskure dutsen, na fasa ɗan yatsa, jini ya ɓata audugar, sai da aka sauya wata. Wani ƙaramin gardi ya miƙo mini alimeti, na girgiza kai, don ba a hura wutar gishiri da ashana. Ban san sau nawa na ƙyasta ba. Can dai audugar ta yi ja, na hura, na sa cikin karmami, wuta ta tashi. Sai ga mata suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta ɗebi garwashi a kaskonta ta wuce, ba mai iya duban fuskata. Gwamma ce kaɗai ta tsaya, ta ce Allah shi maido ni. Kafin rana ta yi tsaka hayaƙi ya rufe kwarin.

"Ke ce ashe," in ji babban gardin. Ya dube ni sama da ƙasa, kamar ya raina kamun. "Ina goyonki?"

"Ba ni da goyo."

Nono ya riga ya jiƙa mini gaban zane. Ya gani, ya kau da kai, ya ce in hau.

A ƙofar biro muka yi kiciɓis da mazanmu ana sallamarsu. Sun yi baƙi, sun rame, wasu ana riƙe da su. Babanku ya hango ni a bayan kamyo, ya taho da sauri yana tangaɗi, wani gardi ya tare shi da gindin bindiga a ƙirji. Ya dubi bayana, ya ga ba goyo. Aka shige da ni ciki. Kumandan saurayi ne da tabarau, ba ya jin Hausa sosai, da tafinta ya yi mini magana. Tambayarsa ɗaya: wane ne daga ƙetare ya ba ni umarni, kuma me aka ba ni. Na ce tulu ne ya sulɓe wa surukata na tare. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Ya ɗauka raini ne, ya buga tebur har na saki fitsari a tsaye. Da yamma aka sake sa ni a kamyo, muka yi arewa. Duk tsawon hanyar ina salati, ina jiran in ga itatuwa sun ƙare rairayi ya fara.

A Dosso aka tsaya, aka ce in sauka. Aka buɗe wata ƙofa aka tura ni farfajiyar mata ta gidan kaso. Abin da na fara gani shi ne mata suna daka hatsin gardawa, kusan rabinsu da goyo a baya. Wata na zaune gindin bango tana shayarwa. Wani yaro kamar nawa yana rarrafe yana bin kaza. Na tsaya ina kallonsu, sai na zauna a ƙasa. Gaskiyar Hajo ce. Ba hamada, ba ludayi, rijiya ce ma a tsakar farfajiyar. Da na zo da shi, da ba wanda zai hana ni.

Na roƙi gardawa a aika gida a kawo mini shi, suka ce wadda aka kawo kan maganar siyasa ba ta aike, ba a kuma zuwa ganinta. Nonona ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya rufe ni. Wata tsohuwa da aka ɗaure kan rikicin gona ita ta riƙa kai ni bayan bango tana matse mini shi a ƙasa, ina kuka, tana ce mini in yi haƙuri. A hankali ya ragu, ran nan na matsa ba ko ɗigo. Tsoron kamyo kuma bai bar ni ba, don ba wanda ya ce mini nan ne ƙarshen tafiyata. Duk ran da mota ta tsaya a waje sai in ce yau za a wuce da ni. Haka damina ta zo ta wuce ina daka. Bayan an yi girbi, wata safiya aka kira sunana, aka buɗe ƙofa, aka ce in tafi. Ba a yi mini shari'a ba, ba a ce ga laifina ba, ba a ce an yafe ba.

Masu zuwa wurina suna son su ji ko mun ci nasara. Kuɗin murhu dai ba a sake zuwa karɓarsa ba, ba tare da an yi shela ba. Lanho bai sauka ba. Mai Ma'auni ya ci gaba da aunawa har ya tsufa, ya je Makka ya dawo, muna gaisawa. Tsohon nan da ya daina gane mutane bai kai damina ba. Ku auna da kanku.

Na iso gari da rana tsaka a motar gyaɗa. Ban shiga gidanmu ba, gidan Hajo na nufa, kunya ta bi ta kanta. Na same ta tana sheƙar gero, ga yara biyu suna wasa da ƙasa a gefenta. Ɗaya ya miƙe tsaye ya yi taku, ashe har ya fara tafiya. Na durƙusa na miƙa hannu. Ya dube ni, baƙa, ramammiya, kai a aske saboda ƙwarƙwata, ya ƙwalla ƙara ya ruga ya cusa kansa cikin zanen Hajo. Hajo ta yi ta lallashinsa tana cewa ga innarka, ga innarka, shi kuwa yana ƙara ƙanƙame ta. Ita da kanta ta ɓamɓare yatsunsa daga zanenta ta miƙo mini shi, hawaye na zuba, ta ce amanata ce, ga ta.

Na kai shi gida. Ya ƙi kunu, ya ƙi fura, ya ƙi ruwa. Na ba shi nono don ya ji ɗumi, ya kama ya ji ba kome, ya ture ni. Kuka yake yi yana kallon ƙofa har muryarsa ta dushe, ya koma buɗe baki kawai. Na shafa masa bayan kunne, ya fizge kansa. Babanku ya ɗauke shi ya zagaya, bai yi shiru ba. Kwana ya bi kwana, jikinsa ya yi zafi, idanunsa suka faɗa. Tsoron da na ji a wannan lokaci ya fi na kamyo, ya fi na kumandan. Inna ta zo ta taɓa goshinsa.

"Ɗiyata," ta ce, kuma ba ta taɓa kirana haka ba, "ko ki riƙe shi ki binne, ko ki maida shi ki riƙa ganinshi."

Kun tashi kun tarar da yayanku a gidan Hajo, yana ce mata Inna, kuka ɗauka al'adar ɗan fari ce aka bi, aka ba da shi riƙo. Na bar ku a kan haka, don ya fi sauƙin faɗa.

A ranar nan surukata Inna ta ce za ta kai shi, na ce a'a, ni zan kai. Na sunkuya ta ɗora mini shi a baya, na ɗaure da majanyi. Ya gaji har ba shi da ƙarfin ture ni. Ina fita ƙofar gida na ji kansa ya kwanta tsakanin kafaɗuna, numfashinsa mai zafi na sauka a wuyana, ya yi barci. Gidan Hajo na nan kusa, in an yi kira daga namu ana ji. Sai na juya na bi ta bayan gari, ta wajen rumbuna, na gangara rijiya, na zagaya gonar liman, ina tafiya a hankali don kada ya farka. Mutane na gaishe ni da dawowa, ina amsawa da kai. Da na iso ƙofar Hajo na ga bai farka ba, sai na wuce, na sake zagayawa.